Akuyar Inna da Shinkafar Mina

Gidanmu yana saman dutse ne a bayan unguwar Misfala a Makka, kuma mota ba ta zuwa. Inda kwalta ta ƙare nan mai tasi zai sauke ka, sauran kuwa tsakaninka da matakala. Da can hawan bai dame ni ba, don kafin ka kai sama ka gaisa da gida goma, wata ta miƙo maka ruwan sanyi, wani ya kama maka kaya. Da aka zo rushe unguwar don faɗaɗa gari, sai aka cinye gidajen ƙasa da na gefe, aka tsaya daidai gindin katangarmu, ba a dawo ba har yau. Maƙwabta suka watse, wasu Jidda, wasu bayan gari. Muka rage mu kaɗai a tsakiyar ɓaraguzai da kuliyoyi. Ga manyan otal-otal muna hangowa kamar a tafin hannu, amma in gishiri ya ƙare sai ka yi tafiyar rabin awa. Maigidana yana kiran wurin tsibiri. Shi da dariya yake faɗa, ni da ke ɗauko ruwa ban taɓa ganin abin dariyar ba.

A wannan gidan aka haife ni. Iyayena ta Chadi da Sudan suka biyo, sun yi shekaru a hanya suna noma suna ƙara gaba, har suka iso Makka da ɗa guda a goye. Baba ya daɗe da rasuwa. Inna kuwa ta ce daga ɗakinta sai makara, don haka da na yi aure ni da mijina muka zauna tare da ita, muka haifi 'ya'yanmu uku a nan.

Aikina a Aziziyya yake, a wani bene da ake sauke alhazai. Ina duba ɗakunan mata, ina raba zannuwan gado, in kuma aka kawo hajiyar da ba ta jin Larabci ni ce tafinta. Mutane suna jin an ce tafinta sai su ɗauka kan kujera nake yini da fanka. Ba su san kafin in sa abaya in sauka dutsen na riga na yi aikin yini guda ba. Ina idar da sallar asuba zan hau saman gida wurin awaki, in share kashi, in zuba ruwa, in tatsi nono, in sauko in dama kunun Inna, in wanke ta, in sallami yara zuwa makaranta. Da la'asar in dawo da damin barsim a kai, wato ɗanyar ciyawar nan da ake sayarwa a bayan motoci. Tankar ruwa kuma tiyonta rabin dutsen yake kaiwa, can muka ajiye tanki, daga nan sai jarka. Jarka shida nake hawa da su a yini in zafi ya tsananta, biyu na awaki ne. 'Yan uwa in sun zo da Sallah sukan tsaya a ƙofa suna haki, su ce kai, kuna shan iska a nan sama.

Kiwon awaki a saman gida ba baƙon abu ba ne a unguwarmu ta da. Kusan kowace tsohuwa tana da biyu ko uku, kuma garin da kansa yake ciyar da su. Mutanen nan ba sa jefa burodi cikin shara, sai su ɗaure shi a leda su rataye a jikin katanga don mai dabba ya ɗauka. Shinkafar da ta rage a gidan biki ko wurin alhazai ita ma haka. Amma abin yana da ƙa'ida, kuma duk yarinyar da ta tashi a dutsen ta san ta kafin ta san ɗaura ɗankwali. Ba a ba akuya dafaffiyar shinkafa da danshinta. Sai an baza ta a tabarma, an tsince ƙashin kaza da cokulan roba, ta sha rana kwana uku har ta yi ƙarau, sannan a riƙa barbaɗa tafi ɗaya cikin dusa. In ta ci ta ƙoshi da ɗanyarta, sai ta yi tsami a cikinta, cikin ya kumbura kamar ganga. Akuya ba ta san ta ƙoshi ba, kai ne za ka san mata.

A shekarar da nake ba da labari akuyarmu ɗaya ce mai nono, ja mai farin goshi, da 'ya'yanta biyu da ba su daɗe da barin tsotso ba, mace da namiji. Ba don sha'awa nake wahala da ita ba. Tun da Inna ta samu shanyewar ɓarin jiki, haɗiya ta zama mata aiki, abinci ya fita daga ranta. Tuwo ba ya wucewa, shinkafa tana shaƙe ta. Abu ɗaya ne ya zauna mata, kunun gero mai ruwa-ruwa da nonon akuyar nan, da ɗuminsa, sau uku a yini. Na gwada madarar kwali, na gwada ta gari, har da wata mai tsada da likita ya rubuta. Tana kurɓa sai ta kawar da kai, in na matsa ta amayar. Likitan da kansa ya ce tunda wannan take sha a bar ta a kai, kada a yanke mata. Saboda haka ran Inna, bayan ikon Allah, a hantsar akuyar nan yake rataye, kuma kowa a gidanmu ya san da haka.

Kowa, ban da Yayana. Shi ne ɗan da aka shigo da shi a goye, ɗan fari. Ya tashi ya yi makarantar gari, ya auri 'yar Jidda, ya kama gida a bene mai lif, Larabci ya fi masa sauƙi a baki fiye da Hausa. Direba ne a wani kicin da ke dafa wa alhazai abinci. Ba mugu ba ne, wannan zan faɗa don kada Allah ya kama ni. Yana da kyauta, yana da fara'a, yana son Inna. Matsalarsa ɗaya, bai taɓa tambayar yadda ake yin abu ba, don a ganinsa ya riga ya sani.

Akwai kuma wani abu tsakaninsa da Inna. Shekara sama da hamsin tana Makka, ta koyi cin ful da tamis, wato wake da burodin mutanen nan, ta koyi ciniki da Larabci, amma kunyar ɗan fari da ta taho da ita daga ƙauyensu ba ta ajiye ba. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ba ta kallonsa ido da ido, ba ta yi masa magana kai tsaye. In ya shigo ya durƙusa ya gaishe ta, sai ta juya gefena ta ce, "A ce wa mutumin nan ya zauna." In ce, "Yaya, ka zauna." Ta ce, "A tambaye shi yaran." In tambaye shi, alhali yana gabanta, gwiwarsa tana taɓa bakin gadonta. Tun ina 'yar shekara bakwai nake wannan tafintar, tun kafin a fara biyana a kanta a Aziziyya. Shi kuma ya saba har ya zama duk abin da Inna ta faɗa ba ya shiga kunnensa sai ya fito daga bakina. Mun sha yin dariyar abin, har ni.

Lokacin aikin Hajji shi ne wuyan shekara. Daga ranar takwas ga wata har sha biyu dole in bi hajiyoyin benenmu zuwa Mina, in kwana tare da su a tanti, ba zuwa gida. Wanda ya ƙi wannan, ba za a neme shi a sauran shekara ba. Da, babbar 'yata ce ke riƙe gidan, ko maƙwabciyarmu. To a shekarar 'yata ta yi aure ta koma Jidda, ƙannenta biyu sun bi ta hutu, maƙwabciya kuma gidanta ya zama fili. Maigidana yana tura keken tsofaffi a Harami, kuma waɗannan ranaku su ne kakarsa. Muka zauna muka tsara. Shi zai riƙa kwana a gida, ya tatsa da asuba, ya dama kunu ya cika filas biyu ya ajiye kusa da Inna, don tana iya zuba wa kanta da hannun da ke aiki, tana kuma iya jan ƙafa zuwa bayi da sanda. Sati biyu na yi ina koya masa tatsa, akuya tana shure shi, yana ba ta haƙuri kamar surukarsa. Abin da ya rage shi ne tsakar rana, lokacin da rufin yake zafi kamar tanda, dole wani ya hau ya sake ruwa ya ba da ciyawa. Motar Yaya kuwa kullum tana bi ta gindin dutsenmu in ta dawo daga kai abincin rana.

Na kira shi na roƙe shi. Ya ce, "Abshiri, ya ukti, kwantar da hankalinki 'yar uwa, wannan ai ba komai ba ne."

Na ce, "Yaya, na ɗaure barsim dami-dami, na jera a inuwa. Dami ɗaya a rana, da ruwa. Shi ke nan. Kada ka ƙara musu komai."

"Halas, na ji. Ke dai akwai ki da yawan magana. Akuya ce fa, ba jaririya ba."

Na maimaita masa sau biyu, har ya fara dariya. Abin da ban yi ba shi ne ban ambaci shinkafa da sunanta ba, don ban taɓa kawowa a raina cewa akwai wanda ya tashi a gidanmu bai san wannan ba. Na manta lokacin da muke tsince ƙashi a tabarma shi yana filin ƙwallo.

Ranar takwas, tara, goma, komai lafiya. Ina kiran maigida tsakanin hidima yana ce min Inna ta sha, akuya ta ba da kwano guda. Ranar sha ɗaya ya kira ya ce Harami ya cika maƙil da masu ɗawafi, mai kula da su ya hana kowa tafiya, ba zai samu hawa gida ba sai gari ya waye, amma ya bar kunu isasshe. Na ce to Allah ya kai mu. Ni a ranar ina fama da wata hajiya da ta ɓata a hanyar jifa da wata da ƙafarta ta kumbura, ban ko tuna na ci abinci ba.

Da hantsin ranar sha biyu wayata ta yi ƙara. Maigida ne, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya ce, "Ki zo in da hali. Akuyar nan tana kwance, cikinta ya yi tamtsan. Ga shinkafa zube ko'ina a saman nan."

Na ce, "Wace shinkafa?"

"Ta Mina. Manyan farantai huɗu na gani, da man nama da komai."

Na je wurin shugabarmu ta aiki na ce maganar uwata ce, ban yi ƙarya ba. Ta ce in raka hajiyoyina jifa tukuna. Na raka su ina jin kamar in ɗauke su a kai in ruga. Bayan azahar ta sake ni. Babu mota, hanyoyi a rufe, na bi ramin masu tafiya a ƙafa tare da dubban mutane masu kabbara, kowa fuskarsa cike da farin cikin gama ibada, ni kaɗai nake tafe ina zagin ɗan uwana a zuci, a cikin kwanakin da aka hana ko musu. Na roƙi Allah gafara a kan wannan daga baya, amma a lokacin ban fasa ba.

Sai la'asar na kai saman dutsen. Ban ko leƙa Inna ba, na wuce sama. Warin tsami ne ya fara tarbata. Shinkafa ce ja, mai mai, irin wadda ake dafa wa alhazai da rago, an juye ta a kwanon ruwansu da na dusa da kan siminti, rana ta dafa ta karo na biyu, ƙudaje sun rufe ta. 'Yan akuyan biyu suna tsaye a lungu, sun yi zawo amma suna kan ƙafarsu. Uwar ce ta cece su da mugun halinta, don in ana cin abin daɗi ba ta barin kowa ya matso, da ƙaho take korarsu. Ita kuwa tana kwance a gefe, wuya a miƙe, ido a juye, tana niƙa haƙora. Na buga cikin da yatsa ya amsa. Damin barsim ɗin da na ɗaure na ranar yana nan a inuwa ba a ko kwance shi ba.

Na jiƙa kanwa, na haɗa da man girki, maigida ya riƙe kanta na ɗura mata. Muka ɗaga ta tsaye, muka murza cikin, ta yi gyatsa sau ɗaya har na fara sa rai. Ta sake zubewa. Na kira wani mai maganin dabbobi da na sani, ya ce yana mayanka tun ranar Sallah, ko ya so zuwa babu hanya, kuma in ta kwana ɗaya a haka sai dai a yi haƙuri. Kafin magariba ƙafafunta suka fara sanyi. Maigida ya dube ni, na kawar da kai, ya ɗauko wuƙa. Da ya buɗe tumbin, shinkafar tana nan cunkus, ko tuƙa ba ta samu yi ba. Naman ma bai ciwu ba, ya yi wari.

Washegari Yaya ya zo. Ya shigo da sallama da fara'arsa, ya gaida Inna, ya juyo gare ni yana jiran godiya. Na faɗa masa akuya ta mutu, na faɗa masa abin da ya kashe ta. Nan take fuskarsa ta canja zuwa ta wanda aka yi wa laifi.

Ya ce, "Faranti huɗu na ɗauko a kafaɗata, sawu biyu na yi a dutsen nan da tsakar rana. An dawo da su ba a taɓa ba, za a zubar. Abincin baƙin Allah, daga Mina. Na ce albarkar nan gara ta shiga gidanmu. Yanzu laifi na yi?"

Na ce, "Na ce maka dami ɗaya da ruwa."

"Kin ce kada su ji yunwa."

"Ban ce ba."

"Ma'alesh, sai haƙuri, kwananta ne ya ƙare. Ke ma kin san ba shinkafa ke kashewa ba."

A nan na so in ɗaga murya. Na so in tambaye shi ko ya san me uwarsa take ci, ko ya taɓa ganin yadda kunun yake gangarowa ta gefen bakinta ana gogewa. Kafin in yi magana sai Inna ta juyo gefena, da bakinta da ya karkace, ta ce, "A ce wa mutumin nan an gode. Allah ya yi masa albarka." Na tsaya ina kallonta. Ta sake cewa, "A faɗa masa." Na faɗa masa. Da bakina na ce Yaya an gode, Allah ya yi maka albarka, kuma har yau in na tuna sai na ji ɗacin a harshena.

Bayan kwana uku ya dawo da diyya. Wani ƙaton rago ne, baƙi mai farin kai, mai gashi har ƙasa, mutum biyu suka turo shi matakala. Ya ce ya fi akuyar tsada nesa ba kusa ba, don haka magana ta wuce. Na dubi ragon, na dubi Yaya, na tambaye shi ta ina zan tatse shi. Ya ce ni dai ba a iya min. Haka na samu ƙarin baki a saman gida, mai shan jarka guda shi kaɗai, ga tunkuyi.

Nono kuwa na shiga nemansa kamar mai neman magani. Kasuwar dabbobi bayan Sallah ba komai sai ragowar raguna. Na samu wani makiyayi a bayan gari da ke kawo nonon akuya a gora, na riƙa tashi tun da wuri ina tare shi a bakin titi kafin in wuce aiki, in koma sama in dama, in sake saukowa. Sau biyu na makara har aka yi min kashedi. Inna ta kurɓa sau ɗaya ta ce ba shi ba ne. Bayan wata guda na samu akuya mai nono na saya, muka sha wuya muka hau da ita. Na tatsa da ɗuminsa na kawo. Ta sha cokali uku don idona, ta ture kwanon. Na yi lallashi, na yi faɗa, na ce Inna nono ai nono ne, so kike ki kashe kanki ki bar ni da abin faɗa? Ƙashin wuyanta ya fara fitowa, zoben da ke yatsanta ya riƙa zamewa har na cire na ajiye.

Wata Juma'a da rana, ba ni da aiki, ina yanke mata farce, sai ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Na gan shi fa."

Na ce, "Wa?"

"Mutumin nan. Ranar da ya kawo shinkafar. Ƙofata a buɗe take, ya wuce da faranti a kafaɗa, na ji ƙamshin. Na san abin da zai yi."

Na ajiye abin yankan farcen. Na ce, "Inna, kin gan shi, ba ki hana shi ba?"

"Na yi magana. Na ce a ce wa mutumin nan kada ya zuba musu, a baza a tabarma. Sau biyu na faɗa, da ya wuce da kuma da ya dawo da na biyu."

"Ga wa kika faɗa? Wa ke ɗakin?"

Ta ce, "Ba kowa. Bango na kalla na faɗa. Ya ji muryata, ya ce na'am Inna, sannu da hutawa, ya haye."

Ta ce daga la'asar akuyar ta fara kuka. Ta ja sanda har gindin matakalar soro, ta ɗora ƙafa a ta farko, ta kasa ɗaga ɗayar. A nan ta zauna tana jin kukan yana raguwa. Wayar da ke gefen gadonta amsawa kawai ta iya, ba ta iya kira ba. Ta ce tun daga ranar duk nonon da aka kawo mata, da ya taɓa harshenta sai ta ji kukan nan.

Ban tausaya mata nan take ba, gaskiya zan faɗa. Haushi ne ya fara zuwa. Na ce, "Inna, sunansa kawai za ki kira. Sau ɗaya a duniya. Ki ce wane, tsaya. Ɗanki ne, ke kika goyo shi daga Sudan. Wa zai ji ki a saman dutsen nan? Wa ya rage da zai ce ba ki da kunya?" Ta ce ta buɗe baki don ta kira, sunan ya ƙi fitowa, shekara hamsin da ɗoriya bai taɓa bi ta nan ba. Sai ta kama hannuna da hannunta mai lafiya, ta ce in yi mata alkawari ba zan faɗa masa ba, don in ya san ta yi magana bai ji ba, ba zai ƙara samun sukuni ba. Wato shi za a tanada wa sukuni. Na yi alkawarin, don ban iya ce mata a'a ba, ban taɓa iyawa ba.

Na ce to yanzu me za ki sha? Ta ce, "Bari 'yar ta girma. Nata zan sha, ai jininta ce."

Na sayar da sabuwar akuyar da ɗan namijin, na zuba duk ƙarfina a kan 'yar. Barsim mafi kyau ita, inuwa ita, na ɗaure ragon nesa da ita. Ina dawowa daga aiki kafin in cire abaya sai na hau na duba ta, kamar kallo zai sa ta yi sauri. Amma akuya sai ta kusa shekara ake kai ta barbara, sannan ta yi wata biyar da ciki. Inna tana rayuwa da ruwan kunu tsura da dabino da nake jiƙawa in tace. Kullum da safe sai ta tambaye ni, ta ƙara girma? In ce ta ƙara. Wata biyar bayan Hajji aka sauke Inna daga dutsen a makara, mutum huɗu, kuma suka ce ba su ji nauyin komai ba.

Likita ya ce tsufa ne da ciwon da ke jikinta, ban yi masa musu ba. A kwana na uku na zaman makoki Yaya ya sa aka yanka ragon nan aka yi sadaka, maza suka ci suna sa masa albarka, suna cewa ɗa ke nan, har rago ya ajiye wa mahaifiyarsa a gida. Ni na dafa. Matarsa ta ce in ci ko loma ɗaya, na ce azumi nake.

Shekara ta zagayo, wani Hajjin ya zo ya wuce, 'yar akuyar ta haihu. Na bar wa ɗanta kwanakin farko, sannan wata safiya na wanke hannu na tsuguna na tatsa. Bai cika kwano ba, amma fari ne tas, da kumfa, da ƙamshin na uwarta sak. Na sauko da shi a hankali don kada ya zube, na tura ƙofar ɗakin Inna da gwiwar hannu, sai da na shiga tsakiyar ɗakin na ga katifar a naɗe a jikin bango.

Ina tsaye a wurin waya ta yi ƙara a aljihuna. Yaya ne. Ya ce maigidana ya faɗa masa akuya ta haihu, masha Allah. Ya ce kwanan nan gyambon ciki yana damunsa, an ce masa nonon akuya yana da kyau, ko zan riƙa ajiye masa kwalba ɗaya in ya biyo da mota, in ba wahala in sauko masa da ita gindin dutse, don gwiwarsa ba ta son hawa yanzu.

Na ce masa babu nono, ɗan ya shanye. Na kashe wayar. Na kafa kai a kwanon na sha a tsaye, yana da ɗumi har lokacin, ban rage ko ɗigo ba.